Fanisau, Ribaɗin da Birni Ya Cim Masa

Da sanyin safiya na bar Kazaure, muka bi ta Dambatta muka faɗa Kano. Fanisau na nufa, garin da tun ina yaro nake jin sunansa a bakin dattawanmu idan ana labarin Ɗantunku.

Dalilin zuwana tsohon tarihi ne. Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya hau mulki a 1819, shi ya mayar da Fanisau ribaɗi don tare mayaƙan Ɗantunku, wanda ya kafa masarautarmu. A nan Baturen Birtaniya Clapperton ya iske Dabo a 1824, yana tsakiyar wannan yaƙi. Daga baya wurin ya zama gandun sarki, bayi suna noma dawa da gero, zamanin Turawa kuma gyaɗa ta karɓi fili.

Na zo ina tsammanin sai mun ratsa gonaki kafin mu isa. Ashe daga cikin birni har Fanisau, a ƙaramar hukumar Ungogo, kusan gini ne ke bin gini. Ga masu buga bulo, ga 'yan adaidaita sahu, ga jirage suna sauka a filin Malam Aminu Kano, ƙararsu tana katse hira. Inda aka san kunya-kunya, yanzu turakun filoti ne.

Na durƙusa na gaida wani dattijo a gindin bishiya. Da na ce, "Baba, daga Kazaure nake," sai ya yi dariya, ya gyara mini wuri a tabarmarsa. Ya nuna mini wasu gidajen siminti, ya ce nan ya yi noma da ƙuruciya. Magada sun raba, dillalai sun saye.

Ban ga laifin mai neman muhalli ba. Jama'a ta ƙaru, dole gari ya faɗaɗa. Dutsen Fanisau yana nan, gidan sarki yana nan, kuma Hawan Fanisau na lokacin salla ya riƙe sunan garin. Amma wa ke gaya wa yaran sababbin unguwanni abin da ke ƙarƙashin ƙafarsu?

A hanyar komowa na riƙa duban gonakin da ke gefen Kazaure. Tun masu su suna raye ya kamata mu zauna da su, mu rubuta sunan kowace gona da kowace rijiya, kafin mai awon filoti ya riga mu zuwa.