Kwana Biyu a Bakin Hanyar Galmi

Babban hutu wata uku ne, amma ga yawancin ɗiyanmu bai wuce canjin wurin zama ba: daga bencin lakwal zuwa tabarmar zaure, waya a hannu. Muna koya musu cewa kogin Kwara ya ratsa Yamai, su rubuta, mu ba su maki, alhali yaron Damagaram bai taɓa ganin ruwan da ya fi tabkin unguwarsu faɗi ba. Shi ya sa a wani watan Agusta na ce da uwargida mu kwashi yaran nan huɗu mu kai su su gani da idonsu.

Akwai wani dalili kuma. Babban ɗana, mai shekara 15, ya faɗi jarrabawar BEPC a shekarar, lissafi ne ya kada shi. Tun da sakamako ya fito ya daina cin abinci tare da mu, ya kuma ce shi da lakwal sun raba gari. Ɗan mushe ya faɗi jarrabawa, duk wanda ya riƙe alli ya san nauyin wannan magana a cikin gari.

Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne a kan hanyar ƙasa mai lamba 1. Albashin malami ba ya ɗaukar otal na mutum shida. Turawa sukan ja ɗaki sukutum a bayan mota, da gado da madafa, su yi ta yawon hutu. Namu ɗakin wata ƴar rimorki ce mai ƙafa biyu da wani mai walda ya ƙera, na ara. Muka ɗora tampol da sandunan kafa rumfa, tabarmi, gidajen sauro, tukunyar gas, jarkokin ruwa da buhun shinkafa. Mai ita ya gargaɗe ni da abu biyu: kaya masu nauyi su zauna gaban ƙafafun, in ba haka ba za ta dinga wutsiya kamar kifi, sannan kada in yi gudu da ita.

Ranar farko lafiya lau. Mun wuce Tasawa da Agye, hatsi ya yi kore shar ko'ina, muka kwana Maraɗi a ƙofar gidan dangi. Washegari aka tashi da ruwa. Bayan Gidan Rumji akwai wuraren da korama ta hau kwalta, muka ratsa a hankali, ruwan na kai wa tsakiyar ƙafafun rimorkin. Mun bar Madawa ke nan, ba mu kai Galmi ba, ƙaramar ɗiyata da ke kallon baya ta ce: “Baba, ɗakinmu yana hayaƙi.”

Na sauka gefen hanya. Cibiyar ƙafar dama ta yi zafin da ba a taɓa ta, tayar kuma ta karkace. Kafin mu gama salati mutanen ƙauyen da ke kusa sun iso, wani ya hau babur ya ɗauko mana makanike daga Galmi. Dattijo ne, tare da aparantinsa, yaro tsaran ɗana, hannunsa baƙi ƙirin da mai. Dattijon ya duba ya ce: “Mushe, rulma ce ta ƙone. Ruwa ya shiga ya wanke girishin, ƙarfe ya ci ƙarfe.” Rulma ita ce zoben nan mai ƙwallayen ƙarfe da taya ke juyawa a kansa. Irin tata babu a Galmi, sai an aiko daga Birnin Ƙonni, kuma ba yau ba. Ya koma garajinsa ya bar mana yaron ya kwance ƙafar.

Rumfar da muka yi niyyar kafawa a bakin kogi, a bakin gonar wani muka kafa ta. Mai gonar ya ƙi karɓar ko dala, matarsa ta aiko da fura. Baƙonka annabinka, in ji shi. Yarana da suka san albasar Galmi a littafin labarin ƙasa suka shiga rumbunan ajiyarta, suka ji daga bakin masu ita cewa aikin rani ne, kuma kamiyo kan kwashe ta har Gana da Kodibuwa.

Abin da ya sa nake wannan rubutu ya faru ne da la'asar. Aparantin na fama da guduma, ɗana na tsaye kansa, hannu a aljihu. Yaron ya ce, ba tare da ya ɗaga kai ba: “Ai ƙaramar ƙafa kullum ta fi babba shan wahala. Ita ce ke fara ɗaukar zafi.” Ɗana ya tambaye shi dalili. Ya ce haka maigidansa ya faɗa masa, haka kuma yake gani kullum.

Ɗana ya yi shiru. Can sai na ga ya ɗauko igiyar rumfa da ƴar rular ƙanwarsa. Ya auna faɗin tayar rimorki, santimita 50. Ya auna ta mota, 65. Ya durƙusa ya share ƙasa da tafin hannu, ya ninka kowace da 3,14. Ƙaramar na cin santimita 157 a juyi ɗaya, babbar 204. Wato a kowace kilomita ƙaramar sai ta juya sau 637, babbar kuwa sau 490. “Ka gani,” ya ce, “tafiya ɗaya suke, amma tata rulmar ta fi aiki.” Aparantin ya ajiye guduma ya ce a sake masa daga farko. A CM1 ya bar lakwal, kafin a kai ga wannan darasi. Sau uku ɗana ya maimaita masa, shi kuma ya koya wa ɗana yadda ake fitar da rulma ba tare da an ɓata mazauninta ba. Ni da na shekara ashirin ina koyarwa, bakina ban sa ba.

Wannan lissafin na kewayen da'ira tun firamare ake yin sa, kuma ɗana ya sha cin sifili a kan irinsa. A aji da'irar zane ce a kan allo, ba ta zafi, ba ta hana kowa isa gida. Shi kuma wancan yaron yana da amsa a hannu, amma ba wanda ya taɓa ba shi dalilinta. Mun raba su gida biyu tun suna ƙanana: wanda “ke da kai” ya zauna benci, wanda “ba shi da kai” a kai shi garaji, kamar horo. Har cibiyoyin koyon sana'a da gwamnati ta buɗe, iyaye da yawa ba sa tuna su sai yaro ya faɗi jarrabawa.

Rulmar ta iso washegari da azahar a hannun wani direban tasha. Da kuɗinta da na aiki jika goma sha biyar. Muka kama hanya, Malbaza da hayaƙin masana'antar siminti, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso. Duk inda muka tsaya ɗana ne ke fara sauka ya dafa cibiyar ƙafafun ya ji ko sun yi zafi. Sun ga kogin daga kan gadar Kennedy, sun ga gidan tarihi na Bubu Hama, amma in aka tambaye su labarin hutu, da Galmi suke farawa.

A watan Oktoba ɗana ya koma aji na uku ya maimaita, ba tare da na roƙe shi ba. Sharaɗi ɗaya ya kafa mini: ranar Asabar a bar shi ya je garajin unguwarmu. Wasu abokan aikina sun ce ɗan mushe bai dace da baƙin mai ba. Na ce su ba ni aron ajinsu wata rana, zan shigo da taya biyu da igiya.