Wasiƙa zuwa ga ƙanena da ke Agadas

Kance, ranar Lahadi

Ƙanena,

 Mu nan lafiya lau, Inna tana gaishe ka.

Na ji saƙonka cewa kai da abokanka kuna shirin hawa Bagzan, kana son in faɗa maka abin da za ka karanta kafin ku tashi. Na yi murna ƙwarai. Tsaunin nan ya haura mita 2,000, ka ga ba wurin da za a nufa da ka ba ne.

Ka fara da na gida. Nemi labarin Dorugu, ɗan Dambanas, nan ƙasarmu ta Kance. Yana yaro aka kama shi bawa, aka kai shi Kukawa, wani Bajamushe, Overweg, ya ƴanta shi. Daga nan ya bi Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, har Tumbutu, suka ƙetare Sahara zuwa Tarabulus, ya shiga Landan a 1855. Da bakinsa ya ba da labarin, da Hausa, wani mai suna Schön ya rubuta, aka buga cikin littafin Magana Hausa a 1885. Ran da na fara karanta shi, a zaure, da fitilar hannu, har aka kira assalatu ban ajiye ba. Yaron ƙasarmu ne ke kallon Turawa yana auna su da idonsa. Wallahi ina takaicin yadda yaran makarantunmu ba su san sunansa ba.

Sai littafin Barth kansa, musamman inda ya hau dutsen Idinen kusa da Gat a 1850. Buzaye sun hana shi, ya ƙi ji, ya tafi shi kaɗai. Ruwansa ya ƙare, ya ɓata, ƙishirwa ta kai shi ga tsotsar jininsa, sai wani Buzu ya bi sawunsa ya tsinto shi a kwance. Wannan wurin ka karanta sau biyu.

Tunda kana jin Faransanci, ƙara da Premier de cordée na Frison-Roche, a kan masu yi wa mutane jagora a tsaunukan ƙanƙara na Faransa.

Don Allah kada ku hau sai da ɗan jagora na yankin, ku kuma ɗauki ruwa fiye da yadda kuke zato. Ka kira Inna kafin ku tashi, hankalinta ya kwanta.

Wassalam,
Yayanka