Motar Aro Da Samfefa

Duk wanda ya saba karanta littattafaina ya san ba na yi wa jarumina rowar mota. Da ya fito daga gida zan ce ya danna rimot, wata baƙar mota mai numfashi ta amsa, sai ɗaukar ido take kamar ka lasa. To ni da nake raba wa mutanen cikin takarda motoci, babur ɗin Jincheng gare ni, shi ma ranar da sanyi ya yi yawa sai an tura.

Shi ya sa da bikin autarmu ya taso a watan Disambar 2014, na ji ba zan iya shiga Gagarawa Tasha a kan babur ba. Garinmu ne, can aka yanke min cibiya, kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasan da ya tashi daga Kano ya isa Nguru a 1930, wadda garin ya samo sunansa daga gare ta. Mutanen gida suna jin ana cewa ɗansu marubuci ne a birni, a zatonsu kuɗi nake kwasa da shebur. Sai na sa maiɗakina ta roƙar min yayanta motarsa, baƙar Honda wadda ake wa laƙabi da End of Discussion. Ya ba ni mukulli ba musu, illa dai ya ce, "Malam, a lallaɓa min ita, fes bodi ce, kuma na sa ta a kasuwa." Ma'ana fentin da ta zo da shi daga kamfani ne a jikinta, ba a taɓa fesa mata wani ba, kuma a wurin dillalan mota wannan kalmar kaɗai kuɗi ce.

Ranar ɗaurin aure na ajiye ta a lungun gidanmu, inda duk mai wucewa zai gan ta, domin ai don a gani aka aro. Muna cikin gaisawa da baƙi sai ga wani yaro da amalanken shanu ya yi lodin kara har ya fi ƙarfin lungun. Ina gani, bakina ya kasa cewa komai. Karan ya bi gefen motar tun daga ƙofar gaba har ta baya yana sharɓe ta, sannan wani ƙarfe da ya leƙo daga jikin amalanken ya ja layi guda a ƙofar baya, tsawon kamu biyu. Yaron ya tsaya yana rawar jiki. Me zan ce masa? Hanyarsu ce tun kafin a ƙera Honda.

Nan take masu ba da shawara suka taru. Wani ya ce a goga man goge baki, wani ya ce man gyaɗa, wani direba kuwa ya rantse man birki ne maganinta. Na shafa man gyaɗar, wallahi sai ga zanen ya ɓace, na yi hamdala. Kafin la'asar ƙurar hunturu ta manne a wurin, zanen ya dawo har ya fi da muni.

Washegari da sassafe na nufi Gumel, aka kwatanta min wani dattijo mai fenti da ke aiki a ƙarƙashin darbejiya. Na faɗa masa shawarar man birki, ya riƙe baki. "Da ka shafa, da yanzu fentin ya kumbura ya saɓule kamar fatar da ta ƙone." Ya sa yaronsa ya wanke gefen motar tas da ruwan omo, sannan ya watsa ruwa a kan zanen ya ce in duba. Duk sawun karan nan ya ɓace a cikin ruwan, layin ƙarfen ne kawai ya tsaya fari sol. Ya sa farcensa ya bi ta kan sawun karan, farcen ya wuce sumul. Da ya zo kan layin sai na ji ƙas, ya maƙale.

"Ka ji ko, ɗana? Wanda ruwa ya ɓoye, kuma farce bai kama ba, nawa ne. Wannan kuwa ya wuce inda samfefa take zuwa."

A nan ya yi min karatun da ban taɓa ji ba. Ashe fentin mota hawa-hawa ne. Akwai na ƙasa mai ruwan toka da ke kama ƙarfe, sai launin motar a kansa, sai wani garai-garai kamar ruwa a sama, wanda shi yake kira banish, shi ne mai sheƙin. Daga baya na karanta cewa dukkansu in an haɗa ba su fi kaurin takardar littafi guda ba sai da kaɗan, banish ɗin kuma bai kai rabin haka ba. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne da ya ce guga ba ta cike zane. Ni a zatona wani abu ake cusawa a ramin. A'a, gefe da gefen ramin ake cinyewa har su sauko daidai da gindinsa, sai ido ya daina ganin rami. Ke nan duk gugar da aka yi ragi ce, kuma abin da aka rage ba ya tsirowa.

Ya ɗauko samfefa mai lamba 1500 da ya jiƙa a bokiti tun muna magana. Ya ce yawan lambar shi ne laushinta, ta kafintoci da muka sani in ta hau mota sai dai Innalillahi. Ya naɗe ta a jikin guntun silifa don kada yatsu su yi kwari a fentin, yaron yana ɗiga ruwa, shi kuma yana bi a hankali kamar mai shafa kan jariri. Wani farin ruwa kamar tsarki ya riƙa gangarowa. Ya ce muddin fari ne muna cikin banish, ranar da ya koma baƙi an taɓa launi. Ya canza zuwa mai lamba 2000. Da ya tsane wurin sai gabana ya faɗi, domin ƙofar ta yi dishi-dishi kamar allon makaranta, ta fi yadda na kawo ta muni.

"Baba, anya kuwa?"

Bai ko kalle ni ba. Ya lakato wani man guga mai kama da ƙullu daga gwangwani, ya hau murzawa da tsumma mai laushi, don babu wuta balle a kunna inji. Ya bi da wani wanda ya fi shi laushi, ya ƙare da folish. Aikin ya ci awa uku, inuwa na matsawa muna tura motar muna bin ta, wai ƙarfe mai zafi yana busar da man kafin ya yi aiki. Sai ga darbejiyar nan ta fito a jikin ƙofar gaba ganye-ganye, har ina ganin furfurar da ta fara min a gemu.

Saura layin ƙarfe. Ya goge bakinsa ya rage masa kaifi, amma yana nan. Ya ce zaɓi uku ne. Ko ya ɗiga masa baƙin fenti da bakin tsinke, daga nesa ba a gani, daga kusa a gani. Ko a fesa wa ƙofar gaba ɗaya, fes bodi ta tashi. Ko ya cika shi da baƙin folish, in mayar da mota lafiya lau, wanki biyu ko uku asiri ya tonu a hannun mai ita. Na ukun nan ya faɗe shi ne yana kallon ƙasa, ni kuma, Allah Ya yafe min, shi zuciyata ta fi kwantawa da shi. Na roƙe shi ya ƙara guga ko kaɗan ne, ya ce ba da hannunsa ba.

Aka kira Azahar ya tafi alwala. Na dubi bokiti, na dubi layin. A raina na ce tsoho ne kawai da tsoro, abin da na zauna awa uku ina kallo ai ba gagara zai yi ba. Na ɗauki samfefar, ko silifan ban nema ba, na dafa da yatsa biyu daidai inda ƙofar ta yi ƙugu. Ban yi minti biyu ba ruwan ya koma baƙi. Maimakon in tsaya sai na ƙara, wai in daidaita. Da na share, ga wani tabo mai ruwan toka kamar faɗin kwabo yana kallona, layin kuma yana nan daram a tsakiyarsa. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Da Baba ya dawo ya daɗe yana duban wurin. Ya ce a kan ƙugu da gefuna fenti ya fi sirantaka, shi ya sa su ko kusa ba sa matsa hannu a nan. "Yanzu ko folish ɗin ba zai rufa maka asiri ba. Kira mai mota."

Na zagaya bayan bishiyar na kira Yaya. Na soma da labarin amalanke, ina jan sa ina ƙawata shi yadda na iya, har da yadda shanun suka firgita, alhali ba su firgita ba. Ya yi shiru yana saurare. Da na kai ƙarshe na ji ba zan iya tsayawa a nan ba, na faɗa masa na samfefar.

"To amalanke na ji," in ji shi. "Samfefar kuma wa ya aike ka?"

Ya hana a fesa. Ya ce in kawo ta haka, gara mai saye ya ga tabo da idonsa ya san iyakarsa, da ya ga sabon fenti ya yi zaton hatsari ta yi. Baba ya ɗiga wa wurin fenti don kada tsatsa ta samu hanya, ya karɓi kuɗin gugarsa, ya ƙi karɓar na ɗigin.

Bayan wata biyu aka sayar da motar, dillali ya zabge abin da ya zabge saboda ƙofar baya. Na tambayi Yaya nawa ne, ya ƙi faɗa. Sai maiɗakina ce ta jiyo min a wurin matarsa, na riƙa kai masa kaɗan-kaɗan daga kuɗin littafin da na fitar a shekarar, yana mayarwa ina sake kaiwa, har ya gaji ya karɓa. Bikin ƙanin maiɗakina da aka yi bayan nan, a kan Jincheng na je, ita a baya da kular abinci a cinya.