Takardar da muka ji kunyar nema

Ranar da ƙanwarmu ta dawo gida nan Inkil da jakarta da goyonta, damuwarmu kawai ta ci abinci ta daina kuka. Mijin ta waya ya sake ta daga Legas, saki ɗaya. Babu wanda ya ce "ina takarda?" a cikinmu. Inna ma cewa ta yi, "Ku bar zancen nan, a bi suruki ana neman takarda sai ka ce masu bin bashi?"

Ta yi iddarta, tsarki uku. Bayan shekara guda wani ya fito neman aurenta, magana ta yi nisa, sai liman ya ce a kawo takardar saki kafin a sa rana. Muka kira tsohon mijin. Buɗar bakinsa sai ya ce shi fa bai saki kowa ba, yaji ta yi.

Haka muka tsinci kanmu a kotun shari'a. Aka shigar da ƙara a wajen rajistara, aka biya kuɗin sammaci, aka ɗage zama har sau uku saboda bai zo ba. Da ya zo ya musa, alƙali ya nemi shaidu biyu adilai waɗanda suka ji sakin, kamar yadda mazhabar Malikiyya ta tanada. To ina za mu samo su? Ita kaɗai ta ji, a ɗakinta, da dare.

Ƙarshenta sai hul'i aka yi. Muka haɗa kuɗi muka mayar masa da sadakinsa, a kan auren da shi da bakinsa ya kashe. Ta sake zaman idda. Mai nemanta kuwa ya gaji da jira ya auri wata. Abu ɗaya ya sanyaya mana rai: kotu ta bar mata riƙon ɗiyarta, ciyarwa kuma a kan uban, kuma duk an rubuta a takardar hukunci mai hatimi.

Yawancinmu a unguwar nan zuwa muka yi, daga Kano, Katsina, Zazzau da sauran wurare. Waliyyan da suka ɗaura mana aure suna nesa, wasu sun rasu. A garinmu na asali kowa ya san auren kowa. A nan kuwa takarda ce danginka.

Don haka in Allah ya ƙaddara rabuwa, a karɓi takarda tun a ranar: sunan miji da na mata, kwanan wata, saki nawa ne, sa hannunsa da na shaidu biyu. In ta waya ne, a sa ya maimaita a gaban mutum biyu. A sanar da mai unguwa, a je kotu a karɓi shaidar mutuwar aure, a yi hotonta a ajiye. Mu kunyar yini ɗaya muka guda, muka yi wata takwas muna zaryar kotu.

Allah ya zaunar da 'ya'yanmu lafiya a ɗakunansu.