Abin Da Ƙafata Ta Koya Mini A Dubai

Cikin shekarar 2023 na tafi Dubai sarin kaya. Ina cikin yawo a kasuwar Naif ta unguwar Deira, sai wani ɗan'uwa ya ce, "Alhaji, ga jini a takalminka." Ni ko ban ji zafi ba.

A asibiti mutum huɗu suka taru a kaina: likita, da nas, da malamar abinci, da mai duba ƙafa. Shekara 7 ina haɗiyar maganin ciwon sukari, sai ran nan na san ciwon yana kashe jijiyoyin ƙafa, har rauni ya ruɓe ba ka sani ba.

Yanzu kullum da dare sai na duba tafin ƙafata. Dattawa, kada girma ya hana mu tambayar likita. Matambayi ba ya ɓata.