Girgije Yana Nesa, Sito Yana Kusa

A zamanin nan, da zarar an tambayi mai makaranta ko mai kanti inda shafinsa na intanet yake zaune, sai ya ce yana cikin girgije. To, girgijen nan ba a sama yake ba. Wani katafaren gini ne cike da kwamfutoci a wata ƙasa, sau da yawa Ailan ko Jamus ko Amurka, kuma duk saƙon da zai je can sai ya ci hanya.

Wani saurayi a unguwar Bako cikin Yola, wanda ke kula da shafin wata makarantar kuɗi, ya ɗanɗana wannan. Ya yi hayar wuri a Dublin ta ƙasar Ailan. Ranar da aka fitar da sunayen yaran da aka ɗauka, iyaye suka yi ca a kan shafin da wayoyinsu, shafi kuwa ya cije, kuɗin data yana zurarewa. Waɗansu suka haƙura suka hau Keke Napep tun daga Jimeta don su duba allon makaranta da idonsu.

Dalili kuwa a fili yake. Saƙon da ya tashi daga Yola sai ya gangara Legas, tafiyar fiye da kilomita 1,000, sa'an nan ya shiga wayar ƙarƙashin teku, irin MainOne da aka buɗe a 2010 ko Equiano da ta iso Legas a 2022, kafin ya kai Turai. Haske a cikin wayar gilashi yana cin kilomita wajen 200,000 a sakan guda, amma shafi ɗaya yakan bukaci zuwa da dawowa sau da dama, ga hotuna, ga rubutu, ga takardun saukewa. Idan mutum ɗari suka nema a lokaci guda, kwamfuta ɗaya tilo ce za ta amsa musu duka.

Dattawan Jimeta sun san maganin irin wannan tun kafin zuwan kwamfuta. Jiragen ruwan kamfanonin Turawa ba sa iya hawo Binuwai sai da damina, lokacin da kogi ya cika. Saboda haka akan sauke gishiri da yadi da kananzir a sito a bakin ruwa, mai saye ya samu a kusa duk shekara ba tare da jiran jirgi ba. Abin da masana ke kira CDN ke nan, watau jerin sito-sito na intanet a birane da yawa, kowanne yana riƙe da kwafin kayan shafi. Kamfanin Akamai ya fara wannan sana'a a 1998, Amazon ya kawo nasa mai suna CloudFront a 2008, Cloudflare kuma aka kafa shi a 2009, kuma yana da sito a Legas.

Aikin da saurayin ya yi bai fi matakai huɗu ba. Da fari ya yi rajista da kamfanin, ya nuna masa adireshin kwamfutar Dublin a matsayin tushe. Na biyu, ya gyara rajistar sunan shafin yadda mai nema zai fara faɗawa sito mafi kusa da shi. Na uku, ya yanka wa kowane kaya wa'adi: tambarin makaranta da hotuna su yi wata guda a sito, sanarwa kuwa minti kaɗan, kuma duk ranar da aka sauya kuɗin makaranta a share tsohon kwafi nan take, kada uba ya biya bisa tsohon lissafi.

Mataki na huɗu shi ne mafi nauyi, domin amana ce. Sito ba ya tambayar wane ne kai. Abin da aka ajiye shi yake miƙa wa kowa. Idan aka yi sake sakamakon jarrabawar yaro ko rasidin ubansa ya shiga ciki, to, na bayansa zai buɗe ya ga sirrin gidan wani. Don haka duk shafin da ake shiga da kalmar sirri sai a hana shi kwana a sito, ya riƙa zuwa daga tushe kai tsaye.

Amfanin ajiya a gida ya fito fili ran 14 ga Maris, 2024, sa'ad da wayoyin teku huɗu suka lalace daura da Kwaddibuwa, intanet ta yi rauni a ƙasashen Afirka ta Yamma. Abin da kwafinsa ke Legas ya fi sauƙin samuwa a kan wanda sai an ƙetare teku.

Sai dai kada mai karatu ya zaci an gama. Legas ɗin ma ba nan kusa ba ce, kuma sito ba ya gyara raunin sabis a Bako, ba ya kawo wutar lantarki. Dole mai shafi ya rage nauyin hotunansa, ya gwada shafin da ƙaramar waya irin ta talaka, domin da ita yawancin iyaye za su buɗe shi. Allah Ya ba masu wannan aiki ikon riƙe amanar jama'a, amin.