Dahab da Shuɗin Raminta

Dahab ƙaramin gari ne a gaɓar Bahar Maliya, cikin yankin Sina'i na ƙasar Masar. Ma'anar sunan da Larabci ita ce zinariya. Tsaunuka na bayanta, teku na gabanta, idan sama ta washe kuwa har duwatsun Saudiyya ana hangowa a ƙetaren ruwa. Arewa da garin kaɗan, dab da gaɓa, akwai wani rami a cikin teku da ake kira Blue Hole, wato Shuɗin Rami. Zurfinsa ya kai kimanin mita 100.

Tun kafin ka taɓa ruwan, allunan da aka kafa a jikin dutse za su tsayar da kai. Sunayen masu nutso ne da suka rasu a nan. Da dama cikinsu wata ƙofa ce ta ja su, wadda ke can ƙasa wajen mita 55, tana ɓullewa zuwa buɗaɗɗen teku.

To, me ya sa mita 55 ta zama ajali ga mai goye da tukunyar iska? Ɗalibai, ku tuna darasin kimiyya. Iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin ɗari nitrojin ce, kashi 21 oksijin. Duk mita 10 da ka nutsa, ruwa na ƙara maka matsi daidai da na iskar da ke kanmu a doron ƙasa. A mita 40 matsin ya zama ninki biyar, tukunyar ma haka take saurin ƙarewa. Daga wajen mita 30 nitrojin kan fara juya kan mutum kamar mai maye, ya ji daɗi, ya manta da duba ma'aunin iskarsa. Ya wuce mita 56 kuwa, oksijin ɗin da ke raya mu sai ta fara zama guba, tana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, a ƙarƙashin ruwa fa!

Shi ya sa ƙungiyar PADI mai horar da masu nutso ta tsayar da sabon shiga a mita 18, na gaba da shi a mita 30, iyakar nutson nishaɗi kuma mita 40. A ganina ba su yi rowa ba, don kifaye da murjani sun fi launi a saman ramin, inda hasken rana ke kaiwa.

Ƙwararrun da ke ratsa ƙofar suna gauraya iskarsu da hiliyom. Fitowa ma sannu a hankali suke yi, suna tsayawa zango-zango, don kada nitrojin ta yi kumfa a jininsu kamar lemon kwalba da aka buɗe da gaggawa.